Gano matsalar umarni da saƙonnin kuskure a rubutun mIRC

mIRC manhajar hira ce ta tsarin IRC, wato hirar rubutu ta intanet, da Khaled Mardam-Bey ya fitar a 1995 don kwamfutocin Windows. Tana da nata harshen rubuta umarni, wanda ake buɗe editansa da Alt+R. In umarni ya ƙi aiki, abin da ake fara tantancewa shi ne wa ya yi ƙorafin: manhajar ce ko sabar da aka haɗu da ita, wato kwamfutar da ke ɗauke da hirar?

Ƙorafin mIRC da tauraro yake farawa, kuma yakan faɗi lambar layi da sunan fayil. Saƙon "* /echo: insufficient parameters" na nufin an kira umarnin hannu rabbana, galibi don wani canji (variable, wato ma'ajin bayani) kamar %suna bai riƙe komai ba. Ita kuwa saba da lamba take amsawa: 401 babu mai wannan laƙabi, 404 ba a yarda ka aika saƙo zauren ba, 482 ba ka cikin masu kula da zauren. Lamba 421, wato "Unknown command", ta fi rikita masu koyo. Duk umarnin da mIRC ba ta gane ba, sabar take miƙa wa. Saboda haka harafi ɗaya da ya kauce a rubutu, ko baka } da ta yi yawa, sai ya dawo kamar laifin saba, alhali a gida matsalar take.

Akwai kuma shirun da ba ya zuwa da saƙo, wanda ya fi cin lokaci. A akwatin rubutu, /echo $me zai nuna $me ɗin kawai. Sai an sa karan biyu, //echo $me, laƙabinka zai fito. Sharaɗin on TEXT, wanda ke tashi in saƙo ya shigo, ba ya jin abin da kai ka rubuta, na wasu kaɗai yake kamawa, naka aikin on INPUT ne. In sharuɗɗa biyu iri ɗaya suka dace da saƙo a fayil guda, na sama ne ke tashi. A duba ma ko an kashe rubutun gaba ɗaya. /Remote on ke kunna shi.

Layin IRC ba ya wuce bayit 512, don haka dogon saƙo yakan isa a gutsure. Aika layuka da yawa a jere kan sa saba ta yanke haɗin da "Excess Flood". Sai a rarraba su da /timer, umarnin da ke sa tazarar lokaci. Umarnin /debug @raw kuma na buɗe taga da ke nuna duk abin da ke kai-komo tsakanin manhaja da saba.