Nasara a rayuwa

Nasara a rayuwa ita ce shaidar da ake yi wa rayuwar mutum ɗungurungum cewa ta yi kyau, ta kai ga abin da ya cancanci a nema. Ta sha bamban da nasarar abu guda, kamar cin jarrabawa ko lashe zaɓe, domin ita sai an dubi tsawon shekaru kafin a yanke hukunci. Kalmar nasara aro ce daga Larabci, inda asalinta ke nufin taimako da rinjaye. Tana maƙwabtaka da kalmomi irin su dace, rabo da wadar zuci.

Tarihi

Ɗaya daga cikin tsofaffin labarai kan batun shi ne wanda Herodotus, masanin tarihin Girka na ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ya kawo. Croesus, sarkin Lidiya (a yammacin Turkiyya ta yau), ya zagaya da Solon, mai tsara dokokin Atina, cikin taskokinsa, sannan ya tambaye shi wa ya fi kowa dacewa a duniya. Solon bai ambaci sarkin ba. Ya ambaci Tellus, wani mutumin Atina da ya ga 'ya'ya da jikoki, ya kuma mutu a fagen fama cikin mutunci. Hujjarsa ita ce ba a shaidar mutum da dacewa sai an ga ƙarshensa. Wajen shekara ta 546 kafin Miladiyya, mulkin Croesus ya faɗa hannun Sairus na Farisa. Masana da dama na shakkar cewa ganawar ta auku, saboda lokutan da tarihi ya ba mutanen biyu ba su daidaita ba.

Aristotle (384 zuwa 322 kafin Miladiyya), masanin falsafar Girka, ya faɗaɗa wannan tunani. A wurinsa nasara aiki ce: mutum ya riƙa aikata abin da ya dace da kyawawan halaye har tsawon rayuwarsa. Dukiya hanya ce kawai zuwa wani abu, don haka ba za ta zama manufa ba. Duk da haka ya yarda cewa rashin lafiya, rashin abokai da matsanancin talauci suna rage wa mutum, kuma wannan amincewa na daga cikin abin da ya sa ra'ayinsa ya daɗe ana komawa gare shi. Masu falsafar Stoa, wata makarantar falsafa ta Girka da Rum, sun ƙi yarda da hakan. Ɗaya daga cikinsu, Epictetus, wanda aka haifa bawa wajen shekara ta 50 Miladiyya, ya koyar da cewa abin da ke hannun mutum shi ne niyyarsa da hukuncinsa, sauran kuwa ba ma'auni ba ne.

A Musulunci kalmar da ta fi kusa ita ce falah, wadda ake ji a kiran salla. Alƙur'ani ya danganta ta da tsarkake rai, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ke cewa wadata ba yawan kaya ba ce, wadatar zuci ce. Masanin falsafa Al-Farabi, wanda ya rasu wajen shekara ta 950, yana ganin mutum ba ya kaiwa ga cikakkiyar sa'ada shi kaɗai, sai a cikin al'umma mai kyakkyawan tsari. Al-Ghazali (1058 zuwa 1111) ya ɗora ta a kan sanin kai da sanin Allah.

A Sin, koyarwar Confucius ta auna mutum da yadda yake sauke haƙƙin iyaye, iyali da jama'a.

Binciken zamani

Abraham Maslow, masanin halayyar ɗan Adam, ya jera buƙatun ɗan Adam a 1943, daga abinci da tsaro har zuwa cikar baiwar mutum. Wani bincike na Jami'ar Harvard da aka soma a 1938 ya bi rayuwar maza 724 na gomman shekaru. Abin da ya fi fitowa fili shi ne cewa ingancin zumunci da abota na da alaƙa mai ƙarfi da lafiya da gamsuwa a tsufa.

Saɓani

Ana ci gaba da jayayya kan rawar da kuɗi ke takawa. A 2010 Daniel Kahneman da Angus Deaton sun ce a Amurka jin daɗin yau da kullum yana daina ƙaruwa idan kuɗin shiga ya kai kusan dala 75,000 a shekara. Binciken Matthew Killingsworth na 2021 bai ga wannan iyaka ba.