Dawowar Almasihu da Sabunta Halitta a Koyarwar Kirista

Dawowar Almasihu, ko zuwansa na biyu, koyarwa ce ta Kirista da ke cewa Yesu, wanda suka gaskata an gicciye shi, ya mutu, ya tashi a rana ta uku, aka kuma ɗauke shi sama, zai komo a bayyane a ƙarshen zamani. Abubuwa uku ne ke tafe da wannan komowa: tashin matattu, shari'ar ƙarshe, da sabunta sama da ƙasa. 'Yan Katolika da Otodoks da Angilika da Baftis da ECWA da majami'un Fentikos sun sha bamban a wurare da dama, amma kan cewa zai dawo bakinsu ɗaya ne. Shahadar bangaskiya da aka tsara a taron Nikiya a shekarar 325 ta ce zai zo ya yi wa rayayyu da matattu shari'a, taron Kustantiniya na 381 kuma ya ƙara da cewa mulkinsa ba shi da iyaka, ana kuma sauraron tashin matattu da rayuwar zamani mai zuwa. Har yau ana karanta wannan shahada ranar Lahadi a majami'un Katolika da na Angilika a Sakkwato.

Tushenta a Littafi Mai Tsarki

Annabawan Tsohon Alkawari sun sha ambaton Ranar Ubangiji, ranar da Allah zai hukunta zalunci ya miƙe abin da ya karkace. A sura ta 7 ta littafin Daniyel an ga wani mai kama da Ɗan Mutum tafe cikin gajimare ana ba shi sarauta, kuma da wannan laƙabi Yesu ya fi kiran kansa. Jawabinsa mafi tsawo a kan ƙarshen zamani yana cikin Matiyu 24 da 25, da Markus 13, da Luka 21. Jawabin yana da wuyar warwarewa, domin ya haɗa rushewar Haikalin Urushalima, wadda ta auku a shekara ta 70 a hannun Romawa, da ƙarshen duniya baki ɗaya, masana kuwa har yanzu ba su gama daidaitawa kan wace aya ke nufin wanne ba.

Surar farko ta Ayyukan Manzanni ta ba da labarin mutum biyu masu fararen tufafi da suka shaida wa almajirai cewa yadda suka ga tafiyarsa haka zai komo. Masu bi na farko sun ɗauka abin na kusa ne ƙwarai. Wasiƙar Manzo Bulus ta farko zuwa ga Tasalonikawa, wadda aka rubuta wajen shekara ta 50, tana amsa tambayar mutanen da suka fara binne 'yan'uwansu alhali Ubangiji bai dawo ba: shin waɗanda suka rigaye mu sun yi asara ke nan? Bulus ya ce a'a, su ne ma za su fara tashi. Bai hana su kuka ba, sai dai ya ce kada kukansu ya zama irin na wanda ba shi da bege. Shi ya sa sura ta 4 ta wasiƙar take cikin waɗanda aka fi karantawa a wurin jana'izar Kirista.

Tashin jiki da sabuwar halitta

Nan ne zuciyar koyarwar take, kuma nan ne aka fi yi mata gajeriyar fahimta, har a tsakanin masu bi. Da yawa in an tambaye su makomarsu sai su ce rai zai bar jiki ya tafi sama, shi ke nan. Majami'u suna koyar da cewa mai bi in ya mutu yana wurin Almasihu, amma wannan zango ne, ba masauki ba. Abin da Sabon Alkawari ya fi nanatawa shi ne tashin jiki. A 1 Korantiyawa 15 Bulus ya kira tashin Yesu nunan fari, wato somin girbin da sauran ke biye, ya kuma kwatanta gawar da ake binnewa da ƙwayar iri: ana shuka ta da rauni da ruɓa, tana tashi da ƙarfi da daraja. Jikin da ya tashi shi ne dai wanda aka binne, amma an sāke shi. Labaran Linjila sun nuna haka game da Yesu kansa, wanda bayan tashinsa ya ci gasasshen kifi a gaban almajirai, ya kuma nuna wa Toma tabon ƙusoshi.

Idan jiki zai tashi, to dole ya sami ƙasar takawa. Littafin Farawa ya ce Allah ya duba abin da ya halitta ya ga yana da kyau ƙwarai, kuma zunubin ɗan Adam ne ya jawo wa ƙasa ƙaya da sarƙaƙiya. A Romawa 8 Bulus ya ce halitta duka tana nishi irin na mai naƙuda, tana jiran ranar da za a 'yanta ta daga bautar ruɓa. Annabi Ishaya ya yi maganar sabuwar sama da sabuwar ƙasa a sura ta 65, abin lura kuwa shi ne irin hoton da ya zana: mutane za su gina gidaje su zauna a ciki, su dasa itatuwa su ci 'ya'yansu, ba za su shuka wani ya kwashe ba, jariri ba zai mutu da 'yan kwanaki ba, kyarkeci da ɗan rago za su yi kiwo wuri ɗaya. Manomin da ya taɓa barin gonarsa a gabashin Sakkwato saboda 'yan bindiga ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kan wannan sura.

Surori biyu na ƙarshe na Wahayin Yahaya su ne suka kammala hoton. Sabuwar Urushalima saukowa take yi daga sama, mazaunin Allah ya zama tare da mutane. Babu sauran mutuwa, babu makoki, babu azaba. Kogin ruwan rai yana ratsa birnin, itacen rai yana 'ya'ya kowane wata, ganyensa kuma na warkar da al'ummai ne. An ce sarakunan duniya za su shigo da darajarsu cikin birnin, wasu malamai kuwa daga nan suke fahimtar cewa kyawawan abubuwan al'ummai, harshe da fasaha da waƙa, ba za su salwanta ba.

Akwai sura ɗaya da ake jayayya a kanta, 2 Bitrus 3, inda aka ce sammai za su shuɗe, abubuwa su narke da wuta. Wasu sun ɗauka Allah zai shafe wannan duniya ɗungum ya ƙago wata. Wasu sun ce wutar ta tsarkakewa ce, kamar yadda manomi ke tara sassabe ya cinna masa wuta gab da damina, ba don ya rabu da gonar ba. Hujjarsu tana cikin surar kanta, domin ta kwatanta wannan hukunci da Ruwan Tsufana na zamanin Nuhu, wanda aka ce ya hallaka duniyar dā, ga shi kuwa ƙasar tana nan bayan ruwa ya janye. Fahimta ta biyu ta fi dacewa da Romawa 8, domin ba a cewa an 'yanta abin da aka shafe.

Saɓani kan shekara dubu

Wahayi 20 ya ambaci shekara dubu da za a ɗaure Shaiɗan, tsarkaka su yi mulki tare da Almasihu. Irinayus, bishop na Liyon a ƙarni na 2, ya ɗauka mulki ne na zahiri da zai biyo bayan dawowar. Agustin na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a 430, ya ce adadin alama ce ta dukan zamanin ikkilisiya, kuma ra'ayinsa ne ya rinjaya a Katolika da yawancin tsofaffin majami'un Furotesta. Akwai ra'ayi na uku, mai cewa bishara za ta game duniya da salama tukuna sannan Almasihu ya zo.

A ƙarni na 19 wani mai wa'azi, John Nelson Darby, ya yaɗa koyarwar fyaucewa, cewa za a ɗauke masu bi kwatsam kafin shekara bakwai na babban tsanani da mulkin Magabcin Almasihu. Littafi Mai Tsarki mai sharhi na Scofield, wanda ya fito a 1909, ya baza ta a Amurka, daga can ta bi sawun 'yan mishan da littattafai da finafinai ta iso Nijeriya. Tana da ƙarfi a majami'un bishara da na Fentikos, har wasu kan zaci ita ce koyarwar Kirista tun fil azal, alhali Katolika da Otodoks ba su koyar da ita.

Masu sa rana

Yesu ya ce ranar da sa'ar ba wanda ya sani sai Uba, ya kuma ce zai zo kamar ɓarawo da dare. Wannan bai hana mutane lissafi ba. Mabiyan wani mai wa'azi, William Miller, a Amurka sun jira dawowar Yesu ranar 22 ga Oktoban 1844, wasu ma sun bar amfanin gona ba girbi, gari ya waye ba abin da ya faru. Daga cikin waɗanda suka rage ne majami'ar Adbentis ta fito a 1863. Harold Camping, wani mai wa'azin rediyo a Amurka, ya sa 21 ga Mayun 2011. Mafi muni shi ne abin da ya auku a Kanungu ta Yuganda a Maris na 2000, inda ɗaruruwan mabiyan wata ƙungiya mai wa'azin ƙarshen duniya suka hallaka. Duk mai sa rana ya saɓa wa maganar wanda yake cewa yana jira, kuma talakan da ya sayar da abin hannunsa shi ke ɗaukar asarar.

A ƙasar Sakkwato

Kiristocin Sakkwato tsiraru ne a cibiyar Daular Usmaniyya, kuma maƙwabtansu Musulmi su ma suna jiran Annabi Isa. Hadisai sun ce zai sauko kusa da farar hasumiya a gabashin Dimashƙa, ya kashe Dujal, ya yi hukunci da adalci, daga baya ya rasu. Bambancin ba ƙarami ba ne. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya ce ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, kuma a Musulunci saukowarsa alama ce daga manyan alamomin tashin ƙiyama, hisabi kuwa na Allah ne shi kaɗai. A wurin Kirista wanda aka gicciye shi ne mai dawowa, shi ne kuma alƙalin ranar. Duk da haka, ba wuya Bahaushe ya gane maganar, ko wane addini yake bi, domin zancen ƙarshen zamani tsohon zance ne a ƙasar nan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi rubutu a kan Mahadi, ya kuma bayyana cewa ba shi ba ne. Tawayen Satiru na 1906, kudu da Sakkwato, da sunan Mahadi aka yi shi. A ƙasar Kano kuma, a ƙarni na 19, an yi Isawa, almajiran wani Malam Ibrahim da suka ba Annabi Isa matsayi na musamman suna sauraron dawowarsa. Wasu daga zuriyarsu sun karɓi Kiristanci a hannun wani ɗan mishan, Dakta Walter Miller, a ƙasar Zazzau. Shi Miller ɗin yana cikin manyan waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga cikakke a 1932.

Turawan mulki sun daɗe suna taƙaita aikin mishan a masarautun Arewa. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ECWA ta fito daga cikinta a 1954, ta sami shiga lardin Sakkwato musamman ta hanyar jinyar kutare a Amanawa daga ƙarshen shekarun 1930. Katolika ta kafa yankin mishan na Sakkwato a 1953 a hannun limaman Dominikan, ya zama dayosis a 1964, kuma Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagorantarsa tun 2011. Yawancin masu bi a birnin 'yan kasuwa ne da ma'aikata da ɗalibai daga kudu da tsakiyar Nijeriya da ƙasar Zuru, tare da Hausawa Kiristoci, kuma ana sujada da Hausa a majami'u da dama.

A ibada da zaman yau da kullum

Duk wanda ya yi Addu'ar Ubangiji ya roƙi mulkin Allah ya zo, a aikata nufinsa a duniya kamar yadda ake yi a sama. Jibin Ubangiji ma, in ji Bulus, shelar mutuwar Almasihu ce har ya dawo. Katolika da Angilika sun ware Lahadi huɗu da ke gaban Kirsimeti don tunawa da zuwansa na farko da shirin na biyu, lokacin da a Sakkwato yakan faɗo cikin hunturu.

An sha zargin wannan bege da kashe zuciya, wai mai jiran wata duniya ba zai kula da wannan ba. Zargin yana kama wasu masu wa'azi, amma bai kama nassin ba. Bulus ya tsawata wa Tasalonikawan da suka daina aiki, ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Shari'ar da aka kwatanta a Matiyu 25 kuwa tambayarta ita ce wa ya ciyar da mayunwaci, wa ya shayar da mai ƙishi, wa ya sauki baƙo, wa ya je duba marar lafiya da ɗan kurkuku.

A 'yan shekarun nan an ƙara jawo koyarwar zuwa batun muhalli. Taron ƙungiyar masu bishara ta Lausanne da aka yi a Cape Town a 2010 ya sa kula da halitta cikin aikin bishara, Fafaroma Francis kuma ya fitar da wasiƙarsa Laudato Si' a 2015 a kan wannan batu. Maganar ta shafi Sakkwato kai tsaye. Jihar tana cikin waɗanda hamada ke ci, ta sha farin shekarun 1970 da na 1980, ta ga ambaliyar kogin Rima a 2010 da ta cinye gonaki da ƙauyuka daga wajen Goronyo, tana kuma kan layin shirin dasa itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Malaman da ke bin fahimtar sabuntawa suna cewa ƙasar da Allah ya yi alkawarin fansa amana ce, don haka sare itace barkatai da gurɓata ruwan fadama laifi ne a gabansa. Masu bin koyarwar fyaucewa sukan fi ba wa'azin tuba muhimmanci, ko da yake da yawansu su ma suna gudanar da makarantu da asibitoci da ayyukan gona.