Yawan ɗakunan kwana a gidan haya

Yawan ɗakunan kwana shi ne abu na farko da mai neman haya ke tambaya bayan unguwa da farashi. Saboda haka shi ke fayyace irin mutanen da za su nemi gida, da tsawon zaman da za su yi a ciki.

Ciki da falo na jan marasa aure, ɗalibai da sabbin ma'aurata. Yana da sauƙin saye, kuma kan kowace murabba'in mita hayarsa ta kan fi ta babban gida. Matsalarsa yawan tashi: da aure ko haihuwa ko canjin wurin aiki ya zo, sai ɗan haya ya kwashe kaya. Kowane tashi kuwa yana jawo fenti, gyaran famfo da makulli, da la'adar dillali. Gidan da ya zauna wata ɗaya babu kowa ya rasa kusan kashi 8 cikin 100 na hayar shekara, asarar da sabbin masu saye kan manta da ita a lissafi.

Mai ɗaki biyu ya fi kowanne faɗin kasuwa, domin ƙaramin iyali da abokai biyu masu raba kuɗin haya duk suna nemansa. Mai ɗaki uku na iyali ne. Su kan daɗe, tunda sauya wa yara makaranta ba ƙaramin aiki ba ne, amma gidan ya fi saurin tsufa a hannunsu.

Daga ɗaki huɗu zuwa sama masu nema na raguwa, kuma haya ba ta tashi daidai da kuɗin saye. Wasu kan bayar da irinsa ɗaki-ɗaki, abin da a wasu ƙasashe sai da lasisi.

Adadi kaɗai na iya yaudara. Ɗaki uku da banɗaki ɗaya ya kan jima bai samu mai shiga ba. Raba falo don a ƙirƙiro ƙarin ɗaki yakan haifar da ɗaki marar taga, wanda ba ya ɗaukar gado da kabad tare, kuma masu zuwa dubawa suna ganewa nan take.

Ana kwatanta gidaje ta hanyar raba hayar shekara da kuɗin saye, a ninka da 100, bayan an cire watannin zaman banza da kuɗin gyara.