Waiwaye: Direban da aka ware da tuƙin maye a Amurka

Tun da alƙaluma suka nuna sama da mutum 13,000 sun mutu a Amurka a 2021 a haɗurran da maye ya haddasa, aka sake tayar da gardama kan tsarin nan na ware mutum ɗaya cikin abokai ya ƙaurace wa giya don ya mayar da sauran gida. Wasu na magana kamar jiya-jiya tsarin ya fara tangal-tangal, alhali alamun sun daɗe da bayyana.

Farkon labarin sananne ne. Dabarar ta samo asali daga ƙasashen Sikandinebiya. A 1980 aka kafa ƙungiyar iyaye mata masu yaƙi da tuƙin maye, MADD, a 1984 doka ta ɗaga shekarun sayen giya zuwa 21, a 1988 kuma Jay Winsten na Jami'ar Harvard ya shawo kan marubutan wasannin talabijin suka cusa saƙon cikin shirye-shiryensu. Mace-mace suka ragu, aka yi ta yabon tsarin.

Shekarar da ba a cika tunawa da ita ba ita ce 2005. A lokacin ne wani kwamitin masana da ke aiki tare da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ya tattara binciken da aka yi, ya ce hujjar da ke ƙasa ba ta isa a ce tsarin na rage tuƙin maye ba. A wani gangamin wayar da kai da aka auna, masu zaɓen direba sun ƙaru da kashi 13, amma masu tuƙi bayan sun sha ba su ragu a zo a gani ba. Ga shi kuma raguwar da ake taƙama da ita ta zo lokaci guda da tsauraran dokoki da shingen 'yan sanda, raba su kuwa aiki ne ja. A ganina, rahoton ya wuce shiru ne saboda tsarin yana da daɗin karɓa: ba ya hana kowa sha, ba ya neman sabuwar doka.

A 2013 masu bincike na Jami'ar Florida suka fitar da sakamakon gwajin numfashi da suka yi wa mutane a bakin mashaya a garin Gainesville. Cikin direbobi 165 da aka ware, kusan kashi ɗaya bisa uku sun sha, kashi 18 cikin ɗari kuma ma'aunin giyar da ke jininsu ya kai 0.05 ko fiye, matakin da jihar Utah ta haramta tuƙi a kansa tun 2018. Sau da yawa sai an iso gaban mota da tsakar dare ake tambayar wa ya fi dama-dama, a miƙa masa makulli.