Cinyewar Zanen Tayoyin Bazara na Motocin Gudu

Tayar bazara ta motocin gudu taya ce da ake ƙerawa domin ta kama titi sosai a lokacin zafi, ko kwalta a bushe take ko a jiƙe, kuma ta jure gudun da ya wuce na motar gida. Ita ake ɗaura wa motoci irin su Porsche 911, BMW M3 da Chevrolet Corvette tun daga masana'anta. Fitattu a cikin irinta akwai Michelin Pilot Sport 4S, Pirelli P Zero, Continental SportContact 7, Bridgestone Potenza Sport da Goodyear Eagle F1. Sunan bazara ya fito ne daga Turai da Arewacin Amurka, inda ake kasa tayoyi gida uku: na bazara, na hunturu, da na kowane yanayi. A gefenta akan ga harafin W, wato an amince ta kai kilomita 270 a awa, ko Y mai nufin kilomita 300. Kukan da masu amfani da ita suka fi yi shi ne ba ta daɗewa: ga tsada, ga saurin suɗewa. Wannan kuwa ba kuskuren ƙira ba ne. Da gangan aka rage mata kwana domin a ƙara mata riƙo.

Abin da ya sa take saurin ci

Wurin da taya ke taɓa ƙasa bai fi faɗin tafin hannu da yawa ba, kuma ta nan ne ƙarfin inji da birki da sitiyari duk suke bi su isa titi. Roba na kama kwalta ta hanya biyu. Tana mannewa da fuskar tsakuwa, sannan tana lotsawa cikin ƙananan ramukan titi ba ta dawo daidai nan take ba. Wannan jinkirin dawowa shi ke haifar da riƙo, shi ne kuma ke mayar da ƙarfi ya zama zafi. Masu haɗa robar tayar gudu sukan zaɓi haɗin da ya fi wannan hali, su zuba masa sinadarin silika da baƙin kabon da ƙaro iri-iri, har robar ta zama mai laushi da danƙo idan ta ɗau ɗumi. Robar da ke shiga ramin tsakuwa da kyau ita ce kuma tsakuwa ke gutsura da sauƙi.

Injiniyoyin taya suna da abubuwa uku da suke ja-in-ja a kansu: riƙo a kan jiƙaƙƙen titi, sauƙin mirginawa wanda ke rage shan mai, da jure cinyewa. Da an ja ɗaya sama, ɗaya sai ya sauka. Shigowar silika, wadda Michelin ya fara yaɗawa a tayoyin kasuwa a 1992, ta sassauta wannan matsala amma ba ta kawar da ita ba.

Bayan haɗin roba, akwai kaurin zanen kansa. Sabuwar tayar motar gida takan zo da zane mai zurfin kusan milimita 8 ko sama da haka. Pilot Sport 4S na zuwa da kusan milimita 7.5, ita kuwa Pilot Sport Cup 2, wadda aka yi don filin tsere amma doka ta yarda a hau titi da ita, zanenta bai cika milimita 6 ba. Dalili shi ne dogon zane yana lanƙwasa a kwana, ya sa sitiyari ya yi nauyin amsawa, ya kuma tara zafi. Idan aka cire milimita 1.6 da doka ta ce dole a bari, abin da ya rage wa mai irin wannan taya ya ci bai wuce milimita 4 da 'yan kai ba.

Lambar da ke gefen taya

A Amurka, hukumar kiyaye haɗurran manyan hanyoyi ta NHTSA ta kafa tsarin UTQG a ƙarshen shekarun 1970, wanda ya tilasta buga maki uku a gefen tayar ƙaramar mota: makin jure cinyewa, makin riƙo a jiƙaƙƙen titi daga AA zuwa C, da makin jure zafi daga A zuwa C. Na farkon ne mutane suka fi dubawa. Ana gwajinsa a kan wata hanya mai zagayen mil 400 kusa da garin San Angelo a jihar Teksas. Motoci na tafiya a ayari har su cika mil 7,200, kimanin kilomita 11,600, ana tsayawa bayan kowane mil 800 a auna zurfin zane, a duba iska da saitin ƙafafu, a sauya wa tayoyi wuri. Daga nan sai a kwatanta yadda tayar ta ci da yadda wata tayar gwaji ta musamman ta ci a wannan tafiya. Maki 100 shi ne tushe. Taya mai 300, a lissafin tsarin, za ta ninka mai 100 sau uku a kan wannan hanya.

Tayoyin motar gida masu nisan kwana sukan sami 600 zuwa 800. Pilot Sport 4S da Potenza Sport suna da 300, Continental ExtremeContact Sport 02 na da 340, Pilot Sport Cup 2 ta asali 180.

Sai dai wannan lamba tana da rauni, kuma ya kamata mai saye ya san shi. Ba gwamnati ke ba da makin ba, kamfanin ne da kansa ke gwaji ya rubuta. Doka ta hana shi ƙara gishiri, amma ba ta hana shi rubuta ƙasa da abin da ya samu ba. Gwajin ma ba ya cinye tayar har ƙarshe, hasashe ake yi daga ɗan abin da ta ci. Saboda haka 300 na wannan kamfani ba lallai ya yi daidai da 300 na wancan ba. Lambar ta fi amfani wajen gwama tayoyi biyu na gida ɗaya. Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na maki 200. Ƙungiyar tseren motoci ta SCCA a Amurka ta sa ƙa'idar cewa a rukunin motocin titi ba a shiga da tayar da makinta ya gaza 200, sai kamfanoni suka fito da tayoyi masu tsananin riƙo, irin su Bridgestone Potenza RE-71RS da Yokohama Advan A052, duk an buga musu 200 cif. A wurin waɗannan, lambar ta koma takardar shiga gasa.

Garantin tafiya ya fi lambar faɗin gaskiya, domin shi da kuɗi ake biyansa. A kasuwar Amurka Michelin na ba Pilot Sport 4S garantin mil 30,000, kusan kilomita 48,000, alhali wasu tayoyinsa na motar gida suna da mil 80,000. Idan kuma tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, yadda ba za a iya sauya musu wuri ba, garantin na baya yakan koma rabi. Tayoyin gudu da yawa ma ba su da garantin tafiya sam.

Abin da ke cin zane a kan hanya

Taya ba ta iya turawa ko tsayarwa ko juya mota sai robarta ta ɗan zame a kan titi, zamewar da ido ba ya gani. A cikin wannan zamewa ne zane ke tafiya. Adolf Schallamach, masanin da ya yi dogon bincike kan gogewar roba a Ingila tun shekarun 1950, ya nuna cewa cinyewa ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da zamewa: idan zamewar ta ninka biyu, cin yakan kai ninki huɗu. A haɗa wannan da cewa shiga lanƙwasar hanya ɗaya da ninkin gudu yana ninka ƙarfin da ke jan mota gefe sau huɗu, sai a gane dalilin da ya sa mutum biyu masu mota iri ɗaya da taya iri ɗaya, ɗaya ya yi shekara uku da tasa, ɗaya ko shekara bai rufa ba. Ƙafar direba ta fi kowace lamba tasiri. Mai doguwar tafiya a miƙaƙƙiyar hanya yana cin zane kaɗan ko da yana gudu. Mai fizgar mota daga danja zuwa danja, yana taka birki a ƙurarren lokaci, shi ke gamawa da taya. Yini ɗaya a filin tsere na iya cin abin da watannin zirga-zirga ba su ci ba.

Saitin ƙafafu, wanda makanikai ke kira alaimen, shi ne na biyu. Motocin gudu ana yi musu saiti ne yadda saman taya zai ɗan karkata ciki, domin ta zauna daram idan mota ta jingina a kwana. A miƙaƙƙiyar hanya kuwa nauyi sai ya taru a gefen ciki. Wannan karkata kaɗai ba ta cika yin ɓarna mai yawa ba, sai ta haɗu da kuskuren fuskantar taya, wato gaban tayar ya ɗan kalli ciki ko waje fiye da kima. Kuskuren digiri 0.2 kacal yana nufin a kowace kilomita ana jan tayar gefe kusan mita 3 da rabi. Alamar tana hannu: a shafa tafin hannu a kan zane daga waje zuwa ciki, sannan a dawo. Idan ta ɗaya ɓangaren sumul ne, ta ɗayan kuma yana kartar hannu kamar haƙoran zarto, to saiti ya goce. Haɗarin wannan ci shi ne yana ɓoye. Mota ce mai ƙasa-ƙasa, taya mai faɗi. Mutum ya tsaya a gefe ya ga zane lafiya lau, alhali can ciki waya ta fara leƙowa. Dole sai an murɗa sitiyari har ƙarshe an durƙusa an duba, na baya kuwa sai an ɗaga mota ko an haska fitila ta ƙarƙashi.

Iska ma tana rubuta labarinta a jikin zane. Idan ta yi yawa tsakiya ke ci, idan ta gaza kafaɗu biyu ke ci, kuma tayar ta riƙa zafi fiye da kima. Matsin iska na sauyawa da kusan 0.1 a ma'aunin iska na bar a kowane digiri 10 na Salsiyas na zafin gari, shi ya sa ake aunawa da safe kafin mota ta motsa, a bi adadin da ke manne a jikin ƙofar direba, ba wanda ke gefen taya ba, domin wannan iyaka ce kawai. Ci mai tudu da kwari a zagayen taya yakan nuna shokozoba ta mutu ko balansin ya tafi.

Sauya wa tayoyi wuri bayan kowace kilomita 8,000 zuwa 10,000 yana raba cin daidai, amma motar da tayoyinta na baya suka fi faɗi ba ta da wannan dama sai dai hagu da dama, kuma idan zanen irin wanda aka ƙera don ya juya ta fuska ɗaya kawai ne, ko wannan ma babu sai an cire taya daga rim. Nauyin mota da ƙarfin fizgarta su ma suna ƙarawa. Michelin ya taɓa ƙiyasta cewa motocin lantarki na iya cin taya da saurin da ya fi na masu mai da kusan kashi 20 cikin ɗari.

Zurfin zane da ruwan sama

A busasshen titi zane ba shi da wani aiki. Motocin tsere ma da sumul ɗin taya suke gudu. Aikinsa korar ruwa ne daga ƙarƙashin taya. Idan ramukan suka yi gajarta, ruwa ya fi ƙarfinsu, sai tayar ta hau kan ruwa mota ta daina jin sitiyari da birki. Taya mai faɗi ta fi fuskantar wannan, domin ruwan da za ta kora ya fi yawa.

Milimita 1.6 ita ce iyakar doka a Tarayyar Turai da Birtaniya da akasarin jihohin Amurka, kuma a daidai wannan tsayi ake gina 'yan ƙananan gadoji a cikin ramukan zane. Da sun yi daidai da fuskar taya, ta ƙare. A Birtaniya tarar suɗaɗɗiyar taya ɗaya na iya kaiwa fam 2,500 da makin laifi uku a lasisin direba. Ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, tana ba da shawarar a sauya tayar bazara tun tana da milimita 3, Michelin kuwa ya daɗe yana cewa taya mai kyau ya kamata ta yi aiki har 1.6, cire ta da wuri asara ce. Ga mai tuƙa mota mai ƙarfi a wurin da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, shawarar ADAC ta fi kwantar da hankali. Tun Yulin 2024 dai ƙa'idar Turai ta fara neman a gwada riƙon sababbin nau'o'in taya a jiƙaƙƙen titi bayan an cinye zanensu, ba suna sababbi kaɗai ba.

Mutuwar roba kafin zane ya ƙare

Taya na iya mutuwa da zanenta. Duk lokacin da roba ta yi zafi sosai ta huce, takan ƙara tauri kaɗan, kuma tayoyin da ake kaiwa filin tsere sukan rasa riƙo ta wannan hanya tun zane bai kai rabi ba. Sanyi ma abokin gabarta ne: ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salsiyas robar bazara ta fara sandarewa, a tsananin sanyi kuma tana iya tsattsagewa idan aka hau ta. Sai shekaru. A gefen taya akwai rubutun da ya fara da haruffan DOT, a ƙarshensa akwai lambobi huɗu masu nuna lokacin da aka ƙera ta. 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Manyan kamfanoni na cewa a riƙa kai taya dubawa kowace shekara idan ta cika biyar, kada kuma ta wuce goma ko yaya zanenta yake.

A nan batun ya taɓa Najeriya. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a 2008, ƙasar ta dogara da tayoyin waje, kuma gwanjon taya daga Turai ya cika kasuwa duk da cewa yana cikin kayan da aka haramta shigowa da su. Cikin wannan gwanjo akwai tayoyin gudu da aka cire a can, zanensu da saura, robarsu ta tsufa. Zafin gari da zafin kwalta suna gaggauta tsufan roba, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana ɗaukar shekara huɗu daga ranar ƙira a matsayin wa'adin taya. Gajeren gefen tayar gudu kuma ba ya jure rami. Sau da yawa kumburi ko fashewar rim ke kashe ta kafin titi ya ci zanenta.

Inda zanen ke tafiya

Robar da ta bar taya tana zama ƙura a gefen hanya, ruwa ya wanke ta zuwa rafuka. A binciken da ADAC ta fitar a 2021, matsakaicin abin da mota ke zubarwa daga tayoyinta huɗu ya kai kusan giram 120 a kowace kilomita 1,000, kuma ta gano cewa akwai tayoyin da suka haɗa ƙarancin ci da kyakkyawan riƙo. A ƙarshen 2020 masu bincike a Jami'ar Washington suka gano cewa wani sinadari da ke fitowa daga 6PPD, wanda ake zubawa a roba don kada ta tsattsage, shi ke kashe wani nau'in kifin salmon a rafukan arewa maso yammacin Amurka. Takardar da ake manna wa sabuwar taya a Turai tun 2012 tana nuna shan mai da riƙo a jiƙaƙƙen titi da ƙara, ba ta cewa komai kan cinyewa. Dokar Euro 7 ta Tarayyar Turai da aka zartar a 2024 ita ce ta farko da ta tanadi iyaka ga yawan robar da taya za ta zubar, kuma za ta fara aiki a kan sababbin nau'o'in tayoyin ƙananan motoci daga Yulin 2028.