Yaro, tsohuwar mota da zafin bazara

Daga tsakiyar Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, zafin azahar a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri, Yamai da Damagaram yakan kai digiri 42, wani lokaci ya haura. Wannan zafin waje ke nan. Na cikin motar da aka rufe aka bari a rana ya fi shi nesa ba kusa ba. Hasken rana yana ratsa gilashi, dashbod da kujeru su sha shi, su dinga fesar da zafi cikin iskar da ba ta da mafita. Wani bincike da aka yi a jihar Kalifoniya ta Amurka, aka buga a mujallar likitocin yara ta Pediatrics a 2005, ya auna motoci a ranakun da zafin waje bai wuce digiri 36 ba. Cikin awa ɗaya zafin cikin mota ya ƙaru da kimanin digiri 22, kuma kashi 80 cikin 100 na ƙarin ya faru ne a rabin awar farko. Sun gwada sassauta gilashi kaɗan, bai yi wani tasiri ba. A ɗora wannan lissafi kan ranar da muke da 42 a waje: kafin a idar da sallar Juma'a a watse, cikin motar ya haura digiri 60.

Jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi ninki uku zuwa biyar fiye da na babba. Fatarsa tana da faɗi idan aka gwada da nauyinsa, gumin da yake fitarwa kaɗan ne, ruwan jikinsa kuma ba shi da yawa. Idan zafin cikin jiki ya kai digiri 40, ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa. Idan ya doshi 42, ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa suna fara lalacewa, kuma rai na iya fita. Yaron da ke ɗaure a kujera ba zai iya cire rigarsa ba, ba zai iya buɗe ƙofa ba, kukansa kuma yana raguwa ne daidai lokacin da hali ya tsananta. Shi ya sa “bari in shiga in karɓo saƙo in fito” ba hujja ba ce. Layin banki yana tsawo, gaisuwa tana tsawo, a yi kiciɓis da wanda aka daɗe ba a gani ba. Ko minti ɗaya ne, a fito da yaron, ko da barci yake yi.

A Amurka, inda ake ƙirga waɗannan mace-mace tun 1998, kimanin yara 37 ne ke mutuwa kowace shekara ta wannan hanya. Fiye da rabinsu mantawa aka yi da su, kuma iyayen da ke ƙaunar 'ya'yansu ne suka manta, galibi a ranar da tsarin zirga-zirgarsu ya sauya. A wajenmu mantuwar takan zo ta hanyar taro. An cika mota da yara za a biki ko suna, an isa, kowa ya fita da hayaniya, uwa tana zaton yarinyar tana hannun goggonta, goggo tana zaton tana wajen yayarta, ita kuwa tana kwance a kujerar can baya tana barci. Haka motar makaranta ko ta Islamiyya, direba ya sauke yara ya kulle ya tafi inuwa. Maganinsa a ƙirga kawuna lokacin shiga, a sake ƙirgawa lokacin fita, kuma mutum ɗaya takamaimai ya ɗauki wannan nauyi. Direba ya buɗe ƙofar baya ya leƙa har ƙarƙashin kujeru kafin ya kulle. Mai ɗauke da jariri shi kaɗai ya ajiye wayarsa ko jakarsa a ƙasan kujerar baya, don dole ya buɗe ƙofar kafin ya tafi.

Amma abin da ya fi tayar mana da hankali, mu masu aikin lafiya a unguwanni, shi ne motar da ba ta tafiya. Kusan kowane layi akwai ta: wadda injinta ya buga, aka jingine ta a ƙofar gida ko bakin garejin bakanike, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi, makullin ƙofa ya lalace don haka ba a kulle ta. A idon yara wannan ɗakin wasa ne, wurin ɓuya, wurin kwaikwayon direba. Suna shiga cikin sauƙi, su ja ƙofa. Fitar ce ba ta yiwuwa. Hannun buɗe ƙofa na ciki ya karye tun tuni, mai motar ya saba zura hannu ta taga ya buɗe ta waje. Ko kuma makullin yara na ƙofar baya yana kunne, wato ɗan ƙaramin madanni da ke gefen ƙofa wanda ke hana a buɗe ta daga ciki. Gilashin na lantarki ne, batir kuma ya mutu ko an cire shi, don haka ba gilashin da zai sauka, ba hon da zai yi ƙara. A Disambar 2021 an tsinci gawarwakin yara takwas a cikin wata mota da aka ajiye a yankin Badagry na jihar Legas. Yankin bakin teku ke nan, inda zafi bai kama ƙafar namu ba.

But ɗin mota ya fi muni. Bayan yara 11 sun mutu a cikin but a Amurka a bazarar 1998, ƙasar ta wajabta wa kamfanoni sanya wani mariƙi mai haske a duhu a cikin but, wanda za a ja daga ciki ya buɗe, tun daga Satumban 2001. Motocin da suka girmi wannan lokaci ba su da shi, haka da yawa daga cikin waɗanda aka ƙera don kasuwar Turai, irin 'yan Kwatano da muke saye. Mai mota ya buɗe but ɗinsa ya duba. Idan kujerar baya tana kwantawa ta ba da hanya zuwa but, a tabbata a kulle take.

Duk motar da ke ajiye, mai tafiya da matacciya, a kulle ƙofofinta huɗu da but, makulli kuma ya tafi inda hannun yaro ba ya kaiwa. Wadda makullinta ya lalace, a sa kwaɗo da sarƙa, ko a kira mai walda, ko a cire ƙofar gaba ɗaya, ko a sayar da ita ga 'yan gwangwan. Mai unguwa da limami suna da bakin yin wannan magana ga mai motar ba tare da an ɓata ba. Kuma idan yaro ya ɓace, kafin a tafi cigiya a masallaci ko gidan rediyo, a fara duba rijiya da motocin da ke kusa, ciki da but, har na maƙwabta.

Idan aka tarar da yaro a motar da ke kulle, yana numfashi sama-sama, ko ya yi laushi, ko ba ya amsa kira, kada a tsaya neman mai makulli. A fasa gilashin gefe wanda ya fi nisa da yaron, a buga a kusurwa da abu mai tsini, don tsakiyar gilashi ta fi ƙarfi. Kada a ɓata lokaci kan gilashin gaba, shi yana da leda a tsakiya, tsagewa yake yi ba ya zubewa. A kai yaron inuwa, a tuɓe masa kaya, a kwarara masa ruwa mai sanyi a duk jiki, a yi ta fifita, a sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata da matsematsi ana sauyawa. Ruwan randa ko na leda, duk wanda ke kusa. Sanyayawa ita ce maganin farko, kuma a ci gaba da ita a hanyar asibiti. Idan a farke yake yana iya haɗiya, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan ko nono. Idan ba ya cikin hayyacinsa, kada a ɗura masa komai, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe. Idan yana jijjiga kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura manja ko jiƙo. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi. A Najeriya ana iya kiran 112, ko 122 na hukumar kiyaye haɗurra. A asibiti a faɗi gaskiya cewa a mota aka same shi da kuma tsawon lokacin, domin zafin jiki da jijjiga a bazara suna kama da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko sanƙarau, kuma bayanin iyaye ne zai sa likita ya kama hanya da wuri. Ko yaron ya farfaɗo ya koma wasa, a kai shi a duba, illar ƙoda takan bayyana daga baya.

Wasu suna barin yara da injin a kunne da esi, suna ganin sun yi dabara. A tsohuwar mota wannan ma haɗari ne. Injin da ke aiki a tsaye cikin rana yana iya yin zafi ya mutu, esi ya tsaya, gilasai a rufe. Salansa mai tsatsa da ɓulin ƙasan mota suna shigo da hayaƙi mai guba wanda ba shi da launi ba shi da wari, yana sa ciwon kai da barci, kuma yaro ne yake fara kamawa. Yaro na iya taɓa giya ko sakin birkin hannu. Madannin gilashi na tsofaffin motoci, irin wanda ake dannawa ƙasa gilashi ya hau, yana iya maƙure wuyan yaron da ya leƙa waje ya dafa shi da gwiwa. Akwai madannin kulle gilasan baya a gefen direba, a riƙa amfani da shi.

A kan hanya kuma, kafin a sa yaro a buɗe ƙofofi iska ta ratsa na 'yan mintuna, a taɓa ƙarfen bel da kujerar leda da bayan hannu, don suna ƙona fatar jariri. A rage masa kaya. Hula da safa da shawul a watan Afrilu cutarwa ce, riga ɗaya marar nauyi ta isa. Kada a lulluɓe kujerar jariri da zane don kare rana, zanen yana tare iska ne. A manna abin tare rana a gilashi. Jaririn da bai kai wata shida ba nono kawai za a ƙara masa akai-akai, a tsaya a gefen hanya a shayar. Yaran da suka fi haka girma kuma a ba su ruwa tun kafin su nema. Tafiya mai nisa a yi sammako, a duba ruwan lagireto da fanka da tayoyi tun da daddare, kuma idan mota ta lalace a hanya a fito da yara zuwa inuwa nesa da kwalta.

Sai maganar zama. Karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. A wannan daƙiƙa yaro mai kilo 10 yana fizgewa da ƙarfin da ya kai ɗaruruwan kilo, babu hannun uwar da zai riƙe shi. Idan a gaba take zaune, dashbod ko gilashi zai tare shi, jikinta kuma ya danne shi ta baya. Idan an zagaya bel ɗaya a kan su biyun, shi ne zai matse tsakaninta da bel. Goyo ma a kwance shi kafin a shiga. Jakar iskar da ke gaban fasinja, wadda ke kumbura idan an yi karo, tana fashewa da gudun da ya kai kusan kilomita 300 a awa, na motocin shekarun 1990 sun fi na yanzu ƙarfi, kuma don ƙirjin babba aka yi ta. Yaron da bai kai shekara 12 ba wurinsa kujerar baya, kuma kujerar jariri mai kallon baya ba a taɓa ɗora ta a gaban jakar iska mai aiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerar yara da aka ɗaura daidai tana rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin 100. “Daidai” ɗin nan ne tsohuwar mota ke ba da wahala. Ƙugiyoyin ƙarfe da ake kira ISOFIX ko LATCH, da ke ɓoye a tsagar kujerar baya, sai daga Satumban 2002 suka zama dole a Amurka, a Turai ma bayan haka. Idan babu su, da bel za a ɗaure. A bi da bel ta hanyar da aka yi wa alama a jikin kujerar, a danna kujerar da ƙarfi, a ja bel ya tsuke. A motocin Amurka daga 1996, idan aka zaro bel har ƙarshe aka sake shi a hankali, za a ji yana ƙas-ƙas, ya kulle ke nan. Wanda ba ya yin haka yana buƙatar maƙallin da ke zuwa da kujerar. Bayan an gama a kama kujerar daga inda bel ya ratsa a girgiza, kada ta motsa fiye da santimita biyu da rabi. Igiyoyin kafaɗar yaro su tsuke har yatsu biyu su kasa tsunkuno su. Jariri ya kalli baya aƙalla har wata 15, idan ya kai shekara biyu a haka ya fi, domin kansa yana da nauyi wuyansa bai yi ƙwari ba.

Yawancin kujerun da ke kasuwanninmu na gwanjo ne. A juya ƙasa a nemi takardar da ke ɗauke da shekarar ƙira, ko tambari mai launin ruwan lemo da ke ɗauke da R44/04 ko R129, wato lambobin ƙa'idar ingancin kujerun yara. Yawancin kamfanoni suna ba kujera shekara shida zuwa goma, robarta kuma tana saurin gajiya a zafi. Mai tsaga, mai tsinkakkiyar igiya, ko wadda maƙallinta ba ya cewa ƙas, a bar ta. Yaron da kujerar yara ta yi masa kaɗan amma tsawonsa bai kai santimita 135 ba yana buƙatar matashin ɗagawa, don bel ya bi ta kafaɗa da ƙashin ƙugu. Bel ɗin tsakiyar kujerar baya a tsofaffin motoci na ƙugu ne kawai, babu na kafaɗa. Idan ya hau kan tumbin yaro, a karo yana iya fasa hanji ya karya ƙashin baya, don haka yaron da ke kan matashi ya zauna a gefe inda bel mai kafaɗa yake. A ɗaga kujerar baya a zaƙulo bel ɗin da aka tura ƙasa shekara da shekaru, a fizge shi da ƙarfi a ga ko yana kamawa. Wanda rana ta cinye ya yi fari-fari, ko gefensa ya fara zarewa, a kai wa bakanike ya sauya shi.