Kayan Sallar 'yar shekara 9 zuwa 12: tambayoyi da amsoshi

Duk gidan da ke da yarinya 'yar shekara 9 zuwa 12 ya san kai-kawon da ake yi a kan kayan Sallarta. Ta wuce a ɗauko mata 'yar kanti a sa mata ta yi ta tsalle, ba ta kuma kai budurwa ba balle a yi mata irin na yayyenta. Ga tambayoyin da iyaye da goggonni da kawunnai suka fi yi idan azumi ya kawo jiki ko layya ta matso. Masu shirin Kirsimeti ma za su tarar yawancin amsoshin sun yi musu daidai.

Me ya sa sayayyar yarinya mai waɗannan shekaru take da wuya?

Domin jikinta da hankalinta duk suna cikin sauyi. Likitoci sun ce alamomin balaga a jikin 'ya mace suna farawa ne tsakanin shekara 8 da 13. Ƙirgen dangi ne yake fara zuwa, sai tsawo ya biyo baya da sauri, har takan ƙara santimita 7 ko 8 a shekara guda, sannan al'ada ta zo bayan kamar shekara biyu. Ƙafa kuma takan riga sauran jiki girma, shi ya sa takalmin Ƙaramar Sallah yakan matse ta kafin Babba, alhali tsakaninsu wata biyu ne da 'yan kwanaki.

Ga kunya ta fara shigarta, ga maganar ƙawaye ta fara yi mata nauyi. A aji ɗaya za ka ga wata tana goyon 'yar tsana, wata kuma ta kamo mahaifiyarta a tsawo. Don haka shekaru kaɗai ba sa gaya maka abin da ya dace da ita. Sai ka dubi yarinyar.

A tambaye ta abin da take so, ko a yi mata ba-zata?

A tambaye ta. Wannan ita ce shawarar da na fi riƙewa da ƙarfi. Wasu iyaye suna tsoron idan aka tambayi yarinya za ta ambaci abin da ya fi ƙarfin aljihu, ko ta raina na gaba. Maganin wannan shi ne babba ya shata iyaka, ita ta zaɓa a ciki. Uwa ta ware atamfa uku da kuɗinta zai iya saya, ta ce, "Zo ki duba, wacce ta kwanta miki?" Ko a Kantin Kwari ne a Kano, ko a kasuwar ƙauye, mai shago zai baje su a gabanta. Ki lura da wadda hannunta ya fara kaiwa, domin sau da yawa kunya takan sa ta ce, "Duk wadda kika ga dama, Umma," alhali idonta yana kan guda.

Yarinyar da aka saba neman ra'ayinta a kan launin mayafi tana koyon cewa maganarta tana da wurin zama a gidansu. Ita ce gobe za ta iya buɗe baki ta gaya wa uwarta abin da ya fi mayafi girma. Ba-zata kuma a bar shi ga ƙananan abubuwa, irin su agogo, jaka ko awarwaro.

Atamfa, leshi, shadda ko abaya?

Idan kala ɗaya za a yi, atamfa mai kyau ta auduga ta fi. A 'yan shekarun nan Sallolin biyu suna faɗowa ne tsakanin Maris da Yuni, wato tsakiyar zafi, kuma yarinyar nan yini za ta yi a tafe, daga filin idi zuwa gidan kakanni zuwa gidan goggo. Leshi yana da kyau a ido, amma mai arha yana soke-soke, sai an yi masa shafi mai laushi. Abaya tana da daɗin sha'ani, ba ruwanka da tela, kuma za ta ci gaba da sa ta zuwa Islamiyya ko unguwa. A dai duba tsawonta kada ta riƙa takawa.

Turmin atamfa yadi shida ne, kuma yarinya mai waɗannan shekaru ba kasafai take cinye shi ba. Ragowar za ta yi wa ƙanwarta riga, ko a ajiye don ƙari idan ta yi tsawo. A gaya wa tela ya bar rara a cikin ɗinkin, ta gefe da ta ƙasa, yadda za a iya buɗawa bayan 'yan watanni. Awo kuma ya fi kyau uwa ta yi shi a gida, ko a kai ta wurin tela mace. Yarinyar da ta fara ƙirgen dangi tana jin nauyin namiji ya zagaya mata tef a ƙirji, ko da ba ta faɗa ba.

A kai ɗinki tun kafin azumi, ko a makonsa na farko. Kowa ya san yadda shagunan teloli suke cika a goman ƙarshe, kuma ba abin da ke karya zuciyar yarinya kamar ta wayi gari ranar idi kayanta suna kan keken ɗinki.

Sai maganar salo. A guji matsattsen ɗinki irin na 'yanmata manya, a kuma guji yi mata sak irin na ƙanwarta 'yar shekara 4. Idan ana son anko a gida, a yi yadi ɗaya, ɗinki daban. Takalmi kuwa a tafi da ita ta gwada, a bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba. In ba ta kusa, a sa ta taka takarda a zana ƙafar da biro a tafi da takardar kasuwa. Mai tsini ba nata ba ne tukuna.

Ta ce tana son kayan kwalliya. A saya mata?

Ƙunshi da kitso haƙƙinta ne na Sallah, ba mai hana ta. Amma akwai abubuwa uku da nake roƙon iyaye su sa wa ido.

Na farko baƙin lalle. Lallen gargajiya, wanda ake daka ganyensa, ja yake bayarwa ko ja mai duhu, kuma yana ɗaukar sa'o'i kafin ya kama. Wanda yake yin baƙi wuluk cikin ɗan lokaci galibi an haɗa shi da sinadarin rinin gashi da ake kira PPD. A fatar wasu yana jawo ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa, har zanen furen ya zama tabo. Abin da ya fi muni, wadda jikinta ya taɓa ƙin sa takan ci gaba da ƙin sa har girmanta. Jan lalle ya wadatar da hannun yarinya.

Na biyu kwalli. Kwallin dutse da muka gada yawanci yana ɗauke da dalma. A shekarar 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa, aka bi diddigi aka gano daga kwallin da aka kai daga Najeriya ne, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na kwallin dalma ce. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro da karatunsa, ba tare da an ga wata alama a fili ba.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai, man ƙara hasken fata. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna a Najeriya ta sha yin gargaɗi a kan irin waɗannan mayuka, saboda sinadaran da ke cikinsu suna sa fata ta yi sirara, wasu ma suna taɓa ƙoda. Bayan cutar jiki akwai ta zuciya. Yarinyar da aka miƙa wa man bilicin a matsayin kyautar Sallah an gaya mata ke nan launin da Allah ya yi ta da shi bai yi ba. Man kaɗe, man kwakwa, man leɓe marar launi, ɗan turare mai sanyin ƙamshi, tsabtataccen mataji da ribom sun isa su cika mata 'yar jaka ta ji ita ma an san ta girma. Idan ɗan kunne yana sa kunnenta ƙaiƙayi ko ruwa, ƙarfen ne bai karɓe ta ba, sai a nemi na azurfa ko na zinari ko da ƙarami ne.

Waya fa? Ta ce duk ƙawayenta suna da ita.

A ganina babbar waya mai intanet ba kyautar 'yar shekara 10 ko 11 ba ce. Su kansu Facebook da Instagram da TikTok sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi. Ƙasar Ostireliya ma ta yi doka a 2024 da ta ɗaga shi zuwa 16. Idan buƙatar ita ce a same ta in ta tafi makaranta ko hutu, ƙaramar waya mai madannai ta biya. Idan don karatu ne ko sauraren karatun Alƙur'ani, a bar na'urar ta zama ta gida, a falo, da lokacin ɗauka da na ajiyewa. Kawu ko yaya da ke son yin bajinta kuma kada ya sayo waya sai ya shawarci iyayenta, domin su zai bari da rigimar.

Ba ta girmi 'yar tsana ba?

In tana so, ba ta girme ta ba, kuma kada a yi mata dariya. Ya tabbata a hadisi cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta, Manzon Allah (SAW) bai hana ta ba.

Sai dai a waɗannan shekaru hannu yana son abin yi. Kwarashi da zaren ulu, duwatsun ado da za ta shirya sarƙa da kanta, fensiran launi da littafin zane, igiyar tsallake, ludo da za su buga da 'yan'uwanta, ko keke ga mai hali. Littafi ma kyauta ce da ake mantawa da ita. *Magana Jari Ce* na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, har yau yana riƙe yaro ya manta da abinci. A haɗa mata da littafin rubutu mai kyan bango wanda ba na makaranta ba, a ce nata ne ita kaɗai, kada kuma a riƙa buɗe mata shi.

Ni baffanta ne, ban san girman jikinta ba. In ba da kuɗi kawai?

Kuɗi ba laifi, goron Sallah ai al'adarmu ce. Amma ka miƙa mata a hannunta, ka kira sunanta. Iyaye mata kuma ina roƙonku a kan "kawo in ajiye miki". In an karɓa, to a ajiye ɗin da gaske, a sa a asusu a gabanta, ko a zauna da ita a yanke abin da za a saya. Yaro ba ya manta kuɗin Sallarsa da aka ce an ajiye bai sake ganinsu ba.

Inda akwai wurin kiwo, kyautar da kakanninmu suka sani har yanzu ba ta da na biyu, wato a saya wa yarinya kaza ko 'yar akuya a ce tata ce. Kaza tana ƙyanƙyasa cikin kwana 21, akuya tana haihuwa bayan wata biyar, kuma jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta shahara da yin tagwaye. Kafin yarinyar ta gama sakandare ta tara abin kanta, ta kuma koyi ɗawainiya.

Akwai abin da take buƙata wanda ba za ta iya faɗa ba?

Akwai. Shimi, 'yar rigar ciki mai laushi ga wadda ƙirjinta ya fara tasowa, sababbin kamfai, da ƙunshin audugar mata ko da al'adar ba ta zo ba tukuna. Wannan aikin uwa ne, ko goggo, ko babbar yaya, a ɗaki, ba a gaban maza ko ƙanne ba. A nuna mata yadda ake amfani da audugar, a yi mata bayanin tsarki da wanka, a gaya mata wanda za ta nufa idan abin ya same ta a makaranta. 'Yanmata da yawa sun ga jinin farko ba wanda ya taɓa yi musu bayani, suka ɓoye cikin tsoro suna zaton ciwo ne.

Yara sun yi yawa, kuɗi kaɗan. Yaya za a yi?

An ce Sallah bikin rana ɗaya, bai kamata a ci bashin da za a yi wata shida ana biya ba. Kala ɗaya mai kyau da takalmi da kitso sun fitar da yarinya kunya. In sabon ɗinki bai samu ba, a gaya mata gaskiya tun da wuri, 'yar shekara 11 tana ganewa. Sabon mayafi da ɗan kunne da ƙunshi suna sabunta tsohuwar riga idan an wanke ta an goge.

Abin da ba ta iya jurewa shi ne bambanci. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi masa kyauta shi kaɗai ban da 'yan'uwansa, Manzon Allah (SAW) ya ce, "Ku ji tsoron Allah, ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku," sai mahaifin ya janye kyautar. A gidan da ke da ɗaki biyu ko uku, maigida ya sayo yadin da darajarsa ɗaya, ya raba da hannunsa. 'Yar riƙo da marainiya da yarinyar da ke taya aiki su ma a sa su a lissafi tun farko, a kira su su zaɓa lokacin da ake kiran 'yan gida, kuma kayansu su tafi wurin tela rana ɗaya da na sauran.